Yadda Akuyar Kasuwar Gwiwa Ta Mai da Babanki Marubuci

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Hajara, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba mai kewar 'yarsa tun kafin ta bar gida. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Akure lafiya, kin sami ruwan wanka da wurin sallah, kin kuma gamu da mutanen kirki. Na ba Ummanki ta sa miki ita a jaka, tsakanin kayan sawarki da ledar yajin da ta daka miki, don na san yajin za ki fara nema.

Ba zan cika ki da nasihar hanya ba, Ummanki ta yi wannan har ta yi ragowa. Amsar wata tambaya ce kika biyo ni. Ranar da muka je karɓo ɗinkinki wurin tela, kina bayan babur ɗina, kika ce, "Baba, wai me ya sa ka fara rubutu? Kuma ya aka yi ka san labarin ban dariya ne naka?" Ni kuma, kamar yadda na saba, na ce miki rashin iya noma ne. Kika yi 'yar dariya kawai. Daga baya Ummanki take gaya mini abin da ke cin ki. Ta ce a zauren marubutan nan da kuke yi a waya an dame ki cewa labaran bincikenki ba su da masu karatu, wai in kina so a san ki sai ki koma na soyayya. Ta ce har kin ce mata ƙila in kin tafi bautar ƙasa ki ajiye rubutun gaba ɗaya, ki huta. Da na ji haka na san ba wasa ya kamata in amsa miki da shi ba. Baki ba ya yi mini biyayya in magana ta zama ta gaske, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san gidanmu na Roni, na gindin dutse, inda muke zuwa da Sallah. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda gidan yake lokacin da Inna, mahaifiyata, mai sunanki, take da ƙarfinta. Ba ta yi boko ba, karatun allo ma iya na sallah ta samu. Amma in ta je biki ko suna ta dawo, kafin ta ajiye mayafi matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Ba tatsuniya take yi musu ba. Abin da ya faru ɗazu take maimaitawa, sai dai ita kaɗai za ta zama uwar amarya, ta zama mai kiɗan ƙwarya, ta zama tsohuwar da ta zo da kwanon ɓoye a ƙarƙashin zane. Ta iya tafiyar kowa, ta iya tarin kowa. Har waɗanda suka je bikin da ƙafarsu sukan zauna su saurara, su ce nata ya fi wanda suka gani daɗi. Kuma ban taɓa jin wata ta yi fushi ba, domin in Inna ta kwaikwayi rowar mace, sai ta haɗa da jikokin da matar take ciyarwa, ka gama dariya ka koma kana tausayinta.

Ni ina gefe ina saurare, amma ban ɗauki abin a bakin komai ba. A wurina hirar mata ce. Littafi kuwa, a tunanina, abu ne na sarakai da jarumai da manyan kalmomi. Wannan ne kuskurena na farko, shi ya haifi sauran.

Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni Babura koyar da Hausa. Lokacin ne littattafan Hausa suka fara cika kasuwa, masu zuwa Kano suna sarowa, ana ba da haya a bakin tasha. Samari na yaƙi suke so, inda jarumi ɗaya zai tarwatsa runduna, aljani ya ɗauke birni a tafin hannu. Na ga yadda ake kiran sunan masu rubuta su da girmamawa, sai na ce ni ma haka nake so a kira nawa. Na zauna na rubuta wani mai kauri, babu shafin da kai bai faɗi ƙasa ba.

A lokacin gida ɗaya muke haya da Mista Bulus, malamin lissafi, mutumin Filato. Kin san shi, shi ne yake aiko mana da dankali duk kaka. Shi Kirista, ni Musulmi, tukunyarmu ɗaya, fitilarmu ɗaya. Shi na fara ba wa. Ya zauna da shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, da ya gama ya miƙo mini, ya ce rubutun hannuna yana da kyau ƙwarai. Na jira, bai ƙara ba. Da na matsa masa, sai ya cire tabarau ya ce, "Malam Haruna, kai da in za a yanka kaza sai ka kai wa maƙwabci ka juya baya, ina ka samo jinin nan duka? Na karanta daga farko har ƙarshe ban gamu da kai ba, sai wuri ɗaya. Tsohon nan mai yi wa dokin jarumi ciyawa, wanda yake ƙorafin ciwon baya ana tsakiyar yaƙi. A nan na yi dariya har na ƙware. Me ya sa ka kashe shi a shafi na gaba?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa mai lissafi bai san adabi ba. Ranar kowa shi kaɗai ya ci tuwonsa. Littafin kuwa na kai shi wurin masu bugawa, suka riƙe shi har na gaji da bibiya, suka dawo mini da shi da tabon shayi a bango.

To Uwata, kada ki zaɓi irin labarin da za ki rubuta don a gan ki da girma. Akwai masu rubuta na yaƙi da kyau, na san wasu, in suna ba ka labarin takobi har numfashinsu sauyawa yake. Su abin yana jikinsu. Ni aron rigarsu na yi, kowa kuma ya ga ta yi mini yawa. Sannan in kika sami mai karatun da zai gaya miki a fili inda ya ji daɗi da inda ya yi hamma, ki riƙe shi da kyau, ko da ranar kin ji kamar ki kore shi. Mista Bulus ya nuna mini ƙofata da yatsa, ni na ƙi dubawa.

Bayan na auri Ummanki aka dawo da ni Kazaure. Lokacin soyayya ta karɓe kasuwa. Wani mai sayar da littattafai ya gaya mini irin maganar da ake gaya miki yau, kusan kalma da kalma: in ina so a karanta ni, to in rubuta soyayya. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na ƙirƙiro ɗan wani attajiri mai motoci, na ba shi gida a Abuja, garin da ko hanyarsa ban taɓa bi ba, na kawo budurwa mai kuka a kowane babi. Da na gama na ba Ummanki, ina jiran ta share hawaye. Tana tsintar shinkafa tana karantawa, can na ga kafaɗarta tana rawa. Ashe dariya take dannewa.

Ta ce, "Malam, wane ne wannan da yake ce wa yarinya hasken idanuna a kowane layi? Kai da ka zo zance wurina ka ƙarar da yammacin kana ba ni labarin yadda kekenka ya yi faci a hanyar Yankwashi, da yadda mai facin ya tsare ka da wa'azi kafin ya taɓa tayar. Ai ranar na koma cikin gida na ce wa yayata ni wannan nake so."

Ita ma ban ji maganarta ba. Na buga shi da ƙarfin hali. Har yau ragowarsa suna cikin kwali a ɗakin ajiya, gara ma ta ɗanɗana ta bari.

Kada ki fahimce ni baibai. Ban raina labarin soyayya ba. Na san mata da suka rubuta shi don sun ga abin da aure yake yi wa 'yan'uwansu, mai daɗi da marar daɗi, suka rasa inda za su faɗa sai a takarda, kuma littattafansu sun shiga ɗakunan da wa'azi bai shiga ba. Su gaskiya suka faɗa. Ni kasuwa na bi, kasuwar kuma ta gane ni. In wata rana soyayya ta taso miki daga ƙirji, ki rubuta ta ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma kada ki rubuta ta don an ce ita ce mai jama'a.

Daga nan na ajiye biro. Na ce Allah bai ba ni wannan baiwar ba, na kama koyarwata. Shekaru suka wuce haka.

Sai ciwo ya kama Inna. Da safe ta fito za ta ɗora koko ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya tafi tare da shi. Bayan asibiti na dawo da ita gidana a nan Kazaure, ɗakin nan da ya zama naki daga baya. Likita ya ce jikin zai iya ɗan dawowa in tana ci tana motsawa. Amma Inna ta juya fuska ga bango. Matar da gari yake taruwa don jin bakinta, yanzu in tana son ruwa sai dai ta yi gurnani a yi ta canka. Masu dubiya suka riƙa zuwa daga Roni, su zauna su yi jugum, su yi mata sannu da irin muryar da ake yi wa jariri, su fita suna share ido. Ina ganin yadda hakan yake ƙona ta. Ta fara ƙin abinci. Ummanki ta dama kunu, ta yi faten wake, ta yi duk abin da ta san tana so, Inna ta datse haƙora. Muna kallo tana ƙanƙancewa a kan katifa. Ni kuma in na dawo daga makaranta in zauna a gefenta, in ce Inna ya jiki, in rasa kalma ta biyu.

Wata ranar kasuwar Gwiwa na je nemo mata man shanu mai kyau, don an ce a riƙa shafa mata a hannun. A dawowa na shiga wata tsohuwar motar haya, an cusa mu kamar buhuna. A kujerar tsakiya akwai dattawa biyu cikin manyan riguna, za su Kanya Babba ta ƙasar Babura nema wa ɗansu aure, sun tura kwandon goro da dabino a ƙarƙashin kujera. A bayansu wani mutum ne da akuyarsa, ya kai ta kasuwa ba a taya yadda yake so ba, yana komawa da ita yana ta mita. Ba wanda ya lura har muka yi nisa, sai ɗaya daga cikin dattawan ya ji ɗumin numfashi a diddigensa. Ya sunkuya. Akuya ta cinye ganyen da aka rufe goron, ta share dabinon, goron kuma babu wanda ba ta sa wa haƙori ta ajiye ba.

Mota ta kaure. Dattawa suna salati, mai akuya yana rantsuwa cewa akuyarsa mai tarbiyya ce, ba ta taɓa yin haka ba, direba yana cewa shi mutane ya ɗauko ba shari'a ba. Sai wani siririn mutum a kusa da ni ya yi gyaran murya, ya ce shi tsohon masinjan kotu ne, a ba shi dama. Ya saurari kowa, har ya nemi a buɗe bakin akuya a duba. Sannan ya yanke cewa goro dai ana iya sayen wani a Kazaure, amma dabinon na Makka ne, kakar ango ce ta ajiye shi musamman, kuma an riga an aika wa gidan yarinya labarinsa. Don haka mai akuya zai bi su har Kanya Babba ya yi bayani da bakinsa, kada a ce dangin ango sun yi ƙarya tun ranar farko. Ita ma akuyar za ta je, a matsayin shaida. A tashar Kazaure na sauka, na gan su sun nufi motar Babura a jere, dattawa a gaba, mai akuya a baya yana jan igiya.

Na iso gida da la'asar, na shiga wurin Inna da man shanun. Fuskarta tana bango kamar kullum. Ban san abin da ya shige ni ba, na fara ba ta labarin. Da farko a zaune nake faɗa. Da na zo kan masinjan kotu sai na ga ba zai yiwu a zaune ba, na miƙe, na tura hula gaban goshi, na yi gyaran muryarsa. Na zama dattijon da ya ji numfashi a diddige, na zama mai akuya yana kare mutuncinta. Ina cikin yi na ji wani sauti a bayana. Na juya a tsorace, na zaci sarƙewa ta yi. Inna ce ta juyo, rabin bakinta mai motsi ya buɗe, hawaye yana bin kuncinta, cikinta yana girgiza. Ummanki ta shigo da gudu da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

Na kai labarin inda na sani, na ce shi ke nan, a tasha muka rabu. Na tashi zan fita. Sai na ji an riƙe mini bakin riga. Hannunta na hagu ne, mai lafiyar. Ta zuba mini ido, ta ja rigar, ta sake ja. Na ce, "Inna, wallahi ban bi su ba, ban san yadda aka ƙare ba." Ba ta saki ba.

Na koma na zauna. Ummanki ta matso da kofin kunu a hankali ta tsuguna. Ni kuma na buɗe baki na ce, to da suka isa Kanya Babba, ashe uban yarinyar wani mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Na ba shi gemu, na ba shi carbi, na ba shi tsawa. Na sa mai akuya ya tsaya a zaure yana ba da shaida yana rawar murya, akuya kuma ta zagaya ta baya ta kama bakin tabarmar da maigidan yake zaune a kai. Na ce maigidan ya dube ta, ya dubi baƙinsa, dariyar da ya daɗe yana ɓoyo ta ƙwace masa. Ya ce mutanen da za su taho da mai laifi da shaida saboda dabino, ba za su ci amanar 'yarsa ba, yarinyar kuwa da ma tana son yaron. Ya ba su auren, ya kuma saye akuyar a nan take, wai irin wannan ba a bar ta a hannun wanda bai san darajarta ba.

Ina faɗa, Ummanki tana kai cokali bakin Inna. Ba ta ma san tana sha ba. Kafin a ɗaura auren a bakina, kofin ya ƙare.

Wannan shi ne labarin farko da na ƙirƙira da gaske, Uwata, kuma ban rubuta ko harafi ɗaya nasa ba a ranar. Daga nan abin ya zame mini aiki. Kullum in na taso daga makaranta sai in bi ta tasha, ko bakin dam wurin masu kayan lambu, ko teburin mai shayi, in buɗe kunne. Ranar da na samo abu in kawo mata. Ranar da ban samo ba in ƙera a hanya. Kuma Inna ba a yi mata algus. In na sa wa mutum maganar da irinsa ba zai faɗa ba, sai ta buge mini hannu. In na wulaƙanta wani don a yi dariya, sai ta rufe ido ta ƙi kallona har sai na gyara. A gefen katifarta na koyi abin da kwaleji ba ta koya mini ba. Harshenta bai dawo ba, amma ta koma cin abinci, ta fara zama a tsakar gida, maƙwabta suka fara shigowa sauraro kamar yadda ake yi a Roni, sai dai yanzu ɗan ne a tsaye, uwar tana gyara masa da ido. Allah Ya ƙara mata wasu damina tare da mu kafin Ya karɓi abarSa. Lokacin Ummanki tana ɗauke da cikinki.

Bayan rasuwarta na yi shiru, na ga ba ni da sauran wanda zan ba labari. Ummanki ce ta ajiye mini takarda da biro a kan tabarma, ta ce in rubuta su kafin su bi ta. Mista Bulus ya zo ta'aziyya daga inda aka mai da shi, na karanta masa na akuyar, ya ce, "Yauwa, ga ka nan." Shi ya kai wa wani abokinsa a gidan rediyo. Sauran kin sani. Ban yi arziki da shi ba, ban kuma yi sunan da na yi mafarki a Babura ba. Amma na taɓa shiga mota na ji direba yana ba fasinjoji labarina, yana rantsuwa cewa a motarsa abin ya faru, na biya kuɗina na sauka, raina fari.

Ga amsar tambayarki ke nan. Ban zauna na zaɓi ban dariya ba. Akwai wadda nake so ta rayu, shi ne abin da nake da shi da zan ba ta. Har yau in na zauna rubutu, fuskarta nake gani, ina jiran rabin bakin nan ya motsa. Marubutan kirkin da na zauna da su, in ka tona kowannensu za ka tarar da irin wannan. Wani tsoro ne da ya taso da shi, wani haushin zaluncin da ya gani, wani kewar garin da ya bari, wata kuma tambayar da aka hana ta yi tana yarinya. Shi wannan abin shi yake zaɓa wa mutum irin labarinsa.

Naki ma ina jin na san shi, in kin ba ni izini in faɗa. Kina aji huɗu a sakandare aka ce ƙawarki Rahila, 'yar makanikin nan na bakin titi, ta ɗauki agogon wata malama. Kin dawo hutu ba kya ci ba kya hira, kina ta maimaita mana cewa lokacin da agogon ya ɓata kuna tare da ita a wurin ɗiban ruwa, amma ba wanda ya tambaye ki. Iyayenta suka cire ta don kunya, daga baya suka bar garin. Da aka ga agogon a bayan wata durowa, babu wanda ya san inda za a aika a ba ta haƙuri. A hutun nan kika rubuta labarinki na farko. Tun daga shi har yau na karanta duk abin da kika ba ni, kuma a kowanne akwai wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba, akwai kuma wata mace mai taurin kai da ta ƙi yarda a rufe maganar. Ni Inna nake rubuta wa. Ke, ina jin, Rahila kike rubuta wa. Wanda yake da irin wannan a ƙirjinsa ba ya bukatar zauren waya ya gaya masa abin da zai rubuta.

A nan ma na taɓa yin kuskure, ƙarami ne amma gara in ambata. Da kika kawo mini wancan labarin na farko, na ce ki ɗan sa abin dariya a tsakiya don ya yi armashi. Kika sa, don kina jin maganata, wurin ya fito kamar faci a sabuwar riga. So na yi ki yi kama da ni. To ko ni, in na ce ki karkata inda ranki bai ba ki ba, ki ce to Baba, ki yi abin da labarin yake so. Gyaran Hausa da tsarin jimla kuwa ki ci gaba da kawo mini, a nan ba zan saurara miki ba.

Masu karatunki kaɗan ne yanzu, na sani, kuma yana da ciwo mutum ya zuba ransa a abu ya ga an wuce shi an tafi wurin wani. Ba zan ce miki za su yawaita ba, don ban san gaibu ba. Abin da na sani shi ne ni da mutum ɗaya na fara, ita ma ba ta iya cewa madalla.

Inda za ki, mutanensu daban, harshensu daban, abincinsu daban. Ki gaishe da manya yadda aka koya miki, ki tambayi yadda su suke gaisuwa ki koya. Ki zauna da matan kasuwa, ki saurari yadda suke faɗa da yadda suke shiryawa. Marubuci kunne ya fi bukata a kan biro. In kika ɗauko wani a labari, ki sauya masa kama yadda ko uwarsa ba za ta gane shi ba, don mutane ba su ba mu rayuwarsu don mu tallata ba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci, na san halinki in kika dulmiya a rubutu.

Sai magana ta ƙarshe, ita kuma ƙorafi ce. Labarin nan da kike karanta mana da yamma a tsakar gida, na injin ban-ruwan da ya ɓace a bakin dam, wanda tsohuwar ungozoma Malama Zuwaira take bincike, kin tsaya daidai inda aka kama mai gadi aka rufe, kika ce sai kin ga yadda hali ya yi. Tun ranar gidan nan babu zaman lafiya. Ummanki ta dage cewa surukin shugaban manoma ne ɓarawon, wai tun da ya fara rantsuwa ba a tambaye shi ba ta gane shi. Ni na ce mai shayi ne, don kirkinsa ya yi yawa. Jiya har kokona ya huce muna musu. Kada ki gaya mana a waya, ko Ummanki ta lallaɓe ki. Ki zauna ki rubuta, ki turo mana babi-babi. Mai gadin nan yana tsare tun ranar da kika ajiye biro, yana da iyali, kuma duk duniya ba mai iya fito da shi sai ke.

Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya haɗa ki da masu tsoronSa ko da addininku ba ɗaya ba. Allah Ya sa albarka a hannunki da abin da zai rubuta. Ya jiƙan mai sunanki, Ya haskaka kabarinta. Ummanki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba kuka take yi ba, albasa ce. Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Babanki,
Haruna.